Hukuncin Asusun Taimakekeniyar Lafiya da Haƙƙin Talaka a Cikinsa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wata wasiƙa da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga wata ƙaramar hukuma a Jihar Kano. Ya ce ma'aikata sun zo mazaɓarsu suna rubuta sunayen mata masu ciki da tsofaffi da ƙananan yara na gidajen marasa ƙarfi, wai za a ba su katin da za su riƙa zuwa asibiti da shi ba tare da sun biya ba. An sa sunan maiɗakinsa, tana kuwa da cikin wata shida. To, sai wani ya ce masa wannan abu inshora ce aka sake wa suna, inshora kuwa caca ce, caca kuwa haramun ce. Saboda haka ya hana ta karɓar katin. Yanzu zuciyarsa ba ta kwanta ba, gama a haihuwarta ta baya sai da ya sayar da tumaki biyu da buhun gero kafin aka sallame su. Yana tambaya: ya yi daidai ko ya yi kuskure?

Ɗan'uwa, ka yi kyau da ka tambaya, kuma tsoron haram da ya sa ka tsaya abin yabo ne. Amma malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. Saboda haka bari mu fara da bayanin abin tukuna.

A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa, a ranar da ciwo ya zo. Kowa ya san ma'anar wannan a karkara. Ciwo ba ya sallama. Yakan zo da marka, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sai a jinginar da gona, ko a kai akuyar uwargida kasuwa a sayar da ita a wulaƙance, ko kuwa a zauna a gida ana jiƙe-jiƙe har abin ya fi ƙarfin kowa. Don a rage wannan ne Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka soma aiki da ita a 2005. Sai dai shekara da shekaru ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne galibin waɗanda suka amfana, manomi da ɗan dako da mai sayar da ƙosai ba su san ana yi ba. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce kowace shekara a ware abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 ba na dunƙulallen kuɗin shigar Tarayya, don kula da lafiya a matakin farko. Ba a sa kuɗin a kasafi ba sai a 2018, inda aka ware kimanin Naira biliyan 55. Manufar ita ce a sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, a kuma biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani a cikinsa. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta shiga tsarin a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, watau yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta.

Jihohi ne aka ɗora wa tafiyar da wannan aiki a ƙasa. Jihar Kano ta kafa tata hukumar da dokar 2016, ita ce ake kira KSCHMA a taƙaice, tana aiki a ƙananan hukumomi 44 na jihar masu mazaɓu 484. Kaduna da Katsina da Jigawa da Sakkwato da sauran jihohin Arewa kowace da irin tata. Mai lura zai ga yawancinsu sun guje wa kalmar inshora a cikin sunansu, sun zaɓi ma'anar taimakekeniya, saboda sanin ƙyamar da jama'armu ke yi wa waccan kalma. Ma'aikaci ana cire wani abu daga albashinsa. Mai sana'ar kansa yana zuba wani abu sananne a shekara. Talaka kuwa, irin maiɗakin mai wannan wasiƙa, hukuma ce ke zuba masa. Kuɗin duka ana tara su wuri guda, kowa ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa, wanda ciwo ya sama a yi masa magani daga abin da aka tara.

To, yanzu ga tambayar: sauya suna yana sauya hukunci? A'a. Giya ko an kira ta da sunan zuma giya ce. Abin dubawa shi ne ko ƙullin kansa ya bambanta.

Malaman da suka haramta inshorar kamfani ba da ka suka yi ba. Tun Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1836, ya yi magana a kan kuɗin da fatake ke biya don a lamunce musu kayansu a jirgin ruwa, bai kuwa halatta karɓar diyyar ba in an ƙulla abin a ƙasar Musulmi. Hujjar masu hanawa a dunƙule ita ce, inshorar kamfani ciniki ne: kai ka ba da kuɗi, kamfani ya sayar maka da alkawari. Ba ka san ko za ka karɓi wani abu ba, ba ka san nawa ba, ba ka san yaushe ba. Wannan shi ake kira garari, watau ruɗu da jahiltar abin da aka ƙulla ciniki a kansa, Annabi kuwa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, kamar sayar da kifin da ke cikin kogi ko ɗan da ke cikin cikin dabba. Har ila yau, in ba abin da ya same ka kamfani ya cinye, in ya same ka kamfani ya yi hasara, ribar ɗaya ita ce faɗuwar ɗaya, nan ne ya yi kama da caca. Sa'an nan kuɗi ne ake musanyawa da kuɗi, da fifiko da jinkiri, ga kuma juya dukiyar da ake yi a bankunan ruwa. An sami manyan malamai da suka saɓa, irin su Shaihu Mustafa Zarƙa na Sham, amma mafi yawa suna kan hani.

Sai dai waɗannan malamai da suka hana, su ne kuma da bakinsu suka halatta wani nau'in. Taron Cibiyar Binciken Musulunci ta Azhar a Alƙahira a 1965 ya halatta inshorar taimakon juna da irin tsarin fansho na gwamnati. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta bi sahu a 1977. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin Disamba 1985, ta ce inshorar kasuwanci ɓatacciya ce, madadinta kuwa ita ce wadda aka gina a kan kyauta da taimakon juna. A kan wannan ne aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979, wanda daga irinsa abin da ake kira takaful ya yaɗu.

Mene ne sirrin bambancin, alhali a can ma ba ka san ko za ka yi ciwo ba, a nan ma ba ka sani ba? A nan ne mazhabarmu ta Malikiyya take da wata ƙa'ida mai kyau ƙwarai, wadda Imam Ƙarafi ya yi bayaninta a littafinsa Alfuruƙ. Garari yana ɓata ƙullin da aka yi don musanya, irin saye da sayarwa da haya, domin wanda ya ba da dukiyarsa yana jiran abin da zai maye gurbinta, in bai samu ba an cuce shi. Amma ƙullin da aka yi don kyautatawa, irin kyauta da sadaka, garari ba ya ɓata shi. In ka sayar wa mutum da saniyarka da ta ɓace, cinikin bai inganta ba. In kuwa ka ce, na ba ka ita kyauta in ka gan ta, ya inganta a wurin Imamu Malik, gama in bai gan ta ba bai yi hasarar kome ba. Haka wanda ya zuba kuɗinsa a asusun jama'a da niyyar duk wanda ciwo ya kayar a ɗaga shi. In shekara ta ƙare bai yi ko ciwon kai ba, kuɗinsa ba su faɗa aljihun wani ɗan kasuwa ba, sun tafi wajen haihuwar matar wani, ko ƙarin jini ga ɗan wani. Ya sami lafiya, ya sami lada in ya kyautata niyya. Ina hasarar?

Asalin wannan yana cikin Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutanen ƙabilar Ash'ari, cewa in guzurinsu ya yi ƙaranci a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi kaɗan a Madina, sai kowa ya kawo abin da ke hannunsa a tara a mayafi ɗaya, sa'an nan a raba daidai wa daida da mudu ɗaya. Wani ya kawo da yawa ya koma da kaɗan, wani ya kawo kaɗan ya koma da fiye. Annabi bai kira wannan riba ko caca ba, sai ma ya yabe su, ya danganta kansa da su. Ga kuma hukuncin aƙila, inda shari'a ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta yi umurni da taimakon juna a kan aikin kirki. Mu Hausawa ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Gayya a gona, da gudummawar biki, da karo-karon da 'yan kasuwa kan yi wa wanda gobara ta cinye rumfarsa, duk jinsi ɗaya ne. Abin da aka ƙara shi ne a tara kafin masifar ta zo, ba bayanta ba, a kuma rubuta.

Wani zai ce, to ai ma'aikaci ba da son ransa ake cire masa ba, ina kyauta a cikin tilas? Amsa ita ce shugaba yana da ikon wajabta abin da maslahar jama'a ta tsaya a kansa, matuƙar ba riba yake nema da su ba. Su ma dangi a aƙila ba shawararsu ake yi ba.

Amma kai mai wasiƙa, lamarinka ma ya fi wannan sauƙi, gama ba ka zuba ko kwabo ba. Hukuma ce ta biya daga dukiyar jama'a, dukiyar jama'a kuwa talaka yana da haƙƙi a cikinta tun fil'azal. Tarihi ya nuna Sayyidina Umar ya yanka wa kutare abin masarufi daga baitulmali a ƙasar Sham, ba su ma Musulmi ba ne. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar waƙafi ake tafiyar da shi, ana yi wa mai shi da maras shi magani kyauta. Saboda haka ka koma ka karɓar wa iyalinka katinta, ka kuma bar ta ta riƙa zuwa awo. Zancen cewa tanadi don ciwon da bai zo ba rashin tawakkali ne, ba shi da tushe. Annabi Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai saboda yunwar da ba ta riga ta zo ba, kuma mutumin nan da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umurtarsa aka yi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara.

Abu guda da ya rage daga sukar masu suka, wanda muke ganin yana da ƙarfi, shi ne inda ake ajiye kuɗin. In dukiyar asusu tana kwance a inda take haifar da kuɗin ruwa, laifin yana kan masu riƙon, bai haramta wa majiyyaci maganinsa ba, amma ya kamata a gyara. Yau ba uzuri, tun da bankin da ba ya mu'amala da ruwa ya soma aiki a ƙasar nan tun 2012, Gwamnatin Tarayya kuma ta soma fitar da sukuk a 2017.

Yanzu bari mu juya ga abin da, a ganinmu, ya fi garari hatsari a wannan sha'ani, ba a kuwa cika kawo tambaya a kansa ba. Kuɗin da ake warewa ba su isa a rubuta kowane talaka ba. Kowace mazaɓa adadi ƙayyadadde ake ba ta. Wa zai zaɓi waɗanda za su shiga? Ba mutanen Abuja ba ne. Mutanen gari ne: jami'in ƙaramar hukuma, da kansila, da kwamitin mazaɓa, da dagaci da mai unguwa, wani lokaci har da liman. Duk wanda aka miƙa wa takardar nan aka ce rubuta mana mabukata, to shaida aka nema a wurinsa, kuma amana aka ba shi. In ya sa ƙaninsa mai shago biyu ya bar bazawarar da ke daka wa mutane don ta ci da marayunta, ya haɗa shaidar zur da cin amana a layi ɗaya. In ya tambayi jam'iyyar mutum kafin ya tambayi halinsa, haka nan ne. Kada ya ce ai kati ne kawai. Wurin da ya ba wanda bai cancanta ba, an ƙwace shi ne daga wani takamaimai, mai suna, wanda wataƙila za a kai shi asibiti a baro a ce sai an ajiye kuɗi. Shi ma mawadacin da ya karɓa yana sane, bai kuɓuta ba don wai ba shi ya rubuta ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli 2024 cewa kason ƙananan hukumomi 774 haƙƙinsu ne a ba su kai tsaye, shugabanninsu su sani hujjar “ba mu da iko” tana ƙara raunana, kuma tsarin mulki ya sa su cikin masu alhakin kula da lafiyar jama'arsu. Ba abin da ya hana ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin ƙarin marasa ƙarfi daga nata kason, a kan waɗanda aka ba ta.

Amana ta biyu tana asibiti. Yawancin mutane ba su san yadda ake biyan ƙananan asibitoci a wannan tsari ba. Ana ba su wani abu sananne a kan kowane mutum da aka rubuta a wurinsu, ko ya zo ko bai zo ba. Babban aiki kamar tiyata shi ne ake turawa babban asibiti, a biya gwargwadon aikin. Ma'ana, sa'ad da mai kati ya shigo, an riga an biya masa. Ma'aikacin da ya harare shi ya ce 'yan kyauta su koma baya, ko ya ce magani ya ƙare alhali yana nan, ya rubuta masa takarda zuwa wani kemis da suke da fahimtar juna, ya ci kuɗi bai yi aiki ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen: in hukuma ta riƙe kuɗin wata da watanni ba ta biya asibiti ba, ba daga aljihunsa ma'aikaci zai sayo magani ba, jinkirin mai hali wajen biyan abin da ke kansa kuwa shari'a ta kira shi zalunci. Kai ma mai kati da naka: kada ka ara wa maƙwabci katinka ya je da sunanka, kada ka ƙirƙiri ciwo ka karɓi magani ka sayar. Dukiyar taimakekeniya ba ta gwamnati ba ce da za a ce ba mai ita, masu ita su ne marasa lafiyar garinku.

Akwai wata matsala da ta shafi gidajenmu musamman. A tsarin Tarayya na ma'aikata, zubin mutum yana ɗaukar shi kansa, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, abin da ya ƙaru sai an biya masa dabam. To, mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyu fa? Sau da yawa sai ya rubuta wadda ya fi so da ɗakinta, sauran su ji a salansa. Gaskiya ne littattafan fiƙihu na da, galibinsu ba su lissafa kuɗin likita cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba, ko da yake an ruwaito wajabcinsa daga Ibnu Abdil Hakam cikin Malikiyya, kuma malaman zamani irin su Shaihu Wahba Zuhaili sun ce a yau magani ya zama kamar ci da sha. Amma ko a bar wannan saɓani, fifita ɗaki a kan ɗaki da ɗa a kan ɗa a abin da rai ya rataya a kansa, shuka gaba ce wadda za a girba bayan ransa. Wanda ya iya sadaki uku ya yi ƙoƙari ya iya kati uku.

Mai wasiƙa ya ƙara da tambayar ko attajirin garinsu zai iya biya wa talakawa kuɗin shiga daga zakkarsa. A nan sai an yi hattara. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas da ake ba zakka, mafi yawan malamai kuma sun sharɗanta a mallaka ta ga wanda ya cancanta. Asusun jiha kuwa na kowa ne, da mawadaci da matalauci, da Musulmi da wanda ba Musulmi ba, saboda haka kwarara zakka a cikinsa haka kawai ba a san wa aka ba ba, ba mu ga ya kuɓutar da mai ita ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a tantance fakiri da sunansa, a ba shi kuɗin a hannu a nuna masa amfanin katin, ko kuwa a nemi izninsa ya wakilta mai zakkar ko hukumar zakka ta biya a madadinsa. In ya ce shi hatsi ya fi bukata, ba a tilasta shi, dukiyarsa ce. Amma sadakar ganin dama da waƙafi ba su da wannan ƙunci. Mutum yana iya tsayar da shago ko gidan haya ya ce kuɗin hayarsa a riƙa sabunta katin marayun unguwa kaza kowace shekara, ya rubuta, ya sa shaidu, ya naɗa mai kula. Kwamitin masallacin Juma'a ma yana iya ware tarin Juma'a ɗaya a wata don wannan, ya kai kuɗin ofishin hukumar da ke ƙaramar hukumarsu, ya karɓo rasit da katunan, liman ya karanta wa jama'a adadin mutanen da aka biya wa ba tare da ambaton sunayensu ba, don a suturta su.

Allah shi ne mafi sani. Sauran wasiƙun da suka shafi fansho da kuɗin sallama sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.